Damin Geron Kaka da Makaɗin Maraɗi

Jiya na bi ta gaban shagon mai cajin batir, warin ruwan batir ya bugi hancina, sai na tsaya cak kamar an kira ni da sunan yarinta. Kai da ka tashi ka tarar da wutar lantarki a bango ba za ka gane ba. Mu a ƙauyenmu, kusa da Tsamaye, wannan warin shi ne warin daɗi, don yana nufin yau akwai kallo.

Baffana, ƙanen babanmu, shi ya kawo talabijin gidan, ƙarama mai baƙi da fari. Da batirin mota take aiki, duk ranar kasuwar Sabon Birni a ɗora shi bayan keke a kai caji. Eriyar kuwa a kan doguwar gora aka ɗaure ta jikin darbejiyar ƙofar gida. In aka juya ta wajen Sakkwato, babu abin da za ka gani sai yayyafi da shuuu. Amma da an karkata ta gabas, sai Maraɗi ta fito tar! Ƙasarmu ta yi mana nisa, ƙasar maƙwabta ce ke shigowa har tsakar gidanmu.

Labarai da Faransanci suke farawa, mu yi ta kwaikwayonsu muna murɗa baki, Gwaggo tana cewa Allah ya shirye mu. Sai a juyo Hausa, irin tamu sak, ta Gobir. Akwai wasan kwaikwayo, akwai malamin gona mai faɗan yadda za a kare gero daga tsutsar zuzzuɗa, ga kokawa da la'asar bayan girbi. Maza a gaba, mata a bayan zana suna leƙe, ƙamshin dafaffiyar gyaɗa ya cika wuri.

Kakana, mahaifin babanmu, manomi ne na ji da gani, kuma yana da doka guda da kowa ya sani: makaɗi ba ya buga ganga a gidansa ya fita hannu rabbana. Ko ba komai a aljihu, zai cire hula ko riga ya yi kari. A wurinsa, jin kiɗi a banza abin kunya ne da ba a wankewa.

Wata la'asar aka nuno wani makaɗin noma, siriri mai gibi, yana wasa manoman Gobir. Tsoho ya fara girgiza kai, ƙafarsa na taka ƙasa. Can sai ya miƙe zumbur, ya cire hularsa ya aza kan talabijin. Wayyo dariya! Har Gwaggo sai da ta riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya tsaya yana kallon hular, ya ga babu hannun da ya fito ya karɓa, sai ya juyo wajen Baffa.

"Wa ka biyan mutanen ga?"

"Gwamnatin can ta, Baba."

"Ita kuma ina taka samu?"

Baffa ya sosa ƙeya ya ce wurin mutanenta mana, ya ji an ce ko a kuɗin lantarkinsu ana ɗora wani abu.

"Ashe tuwon maƙwabta muka ci ta bisa darni," in ji Kaka. "To, ba gidana ba."

Ya sa aka cire batir, aka lulluɓe talabijin da tsohon gwado. Ga shi kuwa an kusa fara babbar kokawar ƙasar can, wadda muke jira tun damina. Ni dai na tsani gwadon nan, wallahi har harararsa nake yi in na wuce. Baffa ya yi lallashi har ya gaji. Ya ce iska ce fa ke kawo hoton, iska kuwa ba ta san iyaka ba, gulbi ma daga can yake gangaro mana, wa ya taɓa biya?

Kaka ya ce, "Gulbi Allah yay yi shi. Kiɗi kau hannun mutum na, mai hannun kuma shina da ɗiya masu cin tuwo."

Maƙwabta suka zo roƙo, aka ba su tabarma da fura, aka sallame su. Da dai aka ga tsoho ba zai tanƙwaru ba, sai Gwaggo ta ce cikin gatse, to ya aika wa mutanen talabijin ɗin da gero mana. Ita ba'a ta yi, shi kuwa ya ce tunda aka haife ta ba ta taɓa faɗin magana mai hankali irin wannan ba. Da kansa ya hau rumbu ya zaɓo dami mai manyan zangarniya, aka ɗaure shi saman motar kasuwa, aka tura Baffa Maraɗi yana ta ƙunƙuni.

Labarin tafiyar nan Baffa ya yi ta ba da shi har tsufansa. A bakin iyaka ɗan duwan, wato kwastan ɗin can, ya tambaye shi geron na sayarwa ne, ya ce a'a, na talabijin ne. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji, sannan suka ce Allah ya kiyaye hanya. A gidan talabijin ma'aikata suka fito suka kewaye damin, an rasa ofishin da ke karɓar gero. Daga ƙarshe babbansu, wani dattijo, ya ji bayani, ya ce a ajiye, zai kai wa makaɗin da hannunsa.

Ranar da Baffa ya dawo aka yaye gwado. Mun yi tsalle har ɗankwalina ya faɗi cikin kwatarniya! Muka sha kokawarmu, muka yi ihu sai da muryoyinmu suka dishe.

Bayan 'yan kwanaki, ana shirin gaishe-gaishe, sai mai gabatarwa ya ce akwai wani dattijo daga Najeriya, wajen Tsamaye, da ya aiko wa makaɗa da dami. Ga mai gibin nan ya fito, ya saɓa ganga, ya shiga wasa Kaka da gonarsa. Gida ya kaure da guɗa. Tsoho ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bakin rawani. Da kiɗi ya ƙare ya ɗago ya dubi Baffa.

"To ka ji, ya wasa ni. Sai ka koma."

Baffa ya ce, "Na shiga uku!" Haka kuwa abin ya zama. Duk shekara bayan girbi dami sai ya haye iyaka, har wasu gidajen suka riƙa ƙara nasu a kai.

Da Kaka ya rasu, ana zaman makoki, wani baƙo ya sauka daga motar kasuwa, ba ganga ba komai. Ya yi sallama, ya zauna, ya yi addu'a. Da ya buɗe baki muka ga gibin. Ya ce, "Ni na, mai cin geron gidan ga. Ban taɓa ganin fuskatai ba, amma ɗiyana sun girma da hatcinai." Gwaggo, wadda ta fi kowa yi wa abin dariya, ita ta fara fashewa da kuka.

Yau ina zaune a birni, da farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi da tashoshi barkatai, na Turawa da na Larabawa da na Indiya. Ta Maraɗi ma tana ciki, can ƙasa, 'ya'yana ba sa tsayawa kanta, sun ce hotonta ya tsufa. Hanyar iyakar nan kuwa yanzu sai da addu'a ake binta. Kuɗin kallo ta waya nake turawa, ban san hannun wa suke faɗawa ba. Ina biya ba fashi, na fi Kaka biya nesa ba kusa ba. Amma ranar da za ni kwanta dama, babu mutum guda cikin akwatin nan da zai nemi hanyar gidanmu.