Farin da Ke Idon Ladi

A ƙauyenmu, can wajen Kuyello, da an yi sallar isha'i sai mu zagaye wutar Kaka, mahaifiyar Baba, mu sha tatsuniya. A hasken wutar nan aka fara ganin abin: wani fari a tsakiyar idon ƙanwata Ladi, yana ƙyalli kamar na kyanwa. Ba a ma daɗe da yaye ta ba.

Likita a Kaduna ya ce ciwon daji ne, sai an cire idon. Baba ya yi tsalle ya dire, ya ce ba mai ƙwaƙule wa 'yarsa ido. Kaka ta goya masa baya. Kullum da hantsi takan zaunar da Ladi a rana, ta ɗura mata man kifin da aka ba mu a ɗakin shan magani. Ƙarni kuwa, ba a magana!

Ran nan Ladi ta miƙa hannu za ta ɗauki gyaɗa, ta kuskure, saura ƙiris ta dafa garwashi. Kaka ta daɗe tana kallonta. Baba yana gefe yana gyara ƙotar fartanya.

"Ku matso," in ji Kaka, "ta yau gajeriya ce."

Wai wani manomi ne a bakin dajin Kamuku, dawarsa ta nuna, sai ga wutar daji ta taso. Maƙwabta suka ce ya yi maza ya ƙone kunyoyin gefe da hannunsa, don wutar ta rasa hanyar shiga. Ya dubi zangarniyar nan, ya ce ina, ba zai iya ba.

"Sai me, Kaka?" na tambaya.

"Sai ya tsaya yana yayyafa ruwa da ludayi." Kaka ta tura itace cikin wuta. "Kamar wata tsohuwa da na sani."

"Gonar ta ƙone?"

"Tambayi ubanka. Shi zai ƙarasa."

Can Baba ya ajiye fartanyar.

"Inna, idonta ne fa."

"Na sani, Audu. Ladin nake so a bar mini."

Washegari Baba da Ladi suka bi motar katako zuwa Kaduna.

Kwanan baya na ji a rediyo wai masana suna gwada ko bitamin D, wanda ake samu a rana da man kifi, zai taimaka wa irin wannan ciwo, amma ba su tabbatar ba. Na garzaya wurin Ladi, na ce ashe Kaka ba ta yi nisa da hanya ba. Ta gyara goyon jikarta, ta harare ni da idonta ɗaya.

"Yaya, da ta ci gaba da shanya ni a rana, yau wa za ka kawo wa labarin?"