Ƙarar da Aka Kulle a Ɗakin Darakta

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki da wani proje a Tawa, irin waɗanda ke zagaya ƙauyuka suna leƙa rumbuna, su aika wa Yamai labarin inda yunwa ta kusa. Albashin ma'aikata ba ya zuwa, yajin aiki yau da gobe, damina kuma ta yi mana rowa. Ni ne mai kula da ordinata, wato kwamfuta. Tsohuwa ce, wani Bature ya bar mana ita da tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Duk rahoton da muka buga ita ke tarawa, ta kira Yamai ta layin tarho ta miƙa. In layi ya katse kuwa, sai ta yi gum, ba ta gaya wa kowa.

Wannan shirun ya dame ni, sai na rubuta mata wani ɗan shiri mara nauyi, don ba ta da ƙarfin ɗaukar babba. Aikinsa leƙe kawai: ko akwai wuta, ko faifai ya cika, ko saƙo ya tafi. In wani abu ya lalace ya yi ta ƙara, ya rubuta matsalar a allo. Na so in sa ƙarar a teburin sakatariya, inda kowa ke wucewa. Daraktanmu, wani dattijo mutumin Bambeye, ya ƙi. Ba mugu ba ne, yana dai son girmansa kamar yadda yake son shayinsa, da kauri.

"Mugun labari ba shi hita gidan ga sai ta bakina," in ji shi. "Ka kai abin cikin birona."

Na ja waya na kai ordinatar da ƙararta ofishinsa, raina a ɓace.

A shekarar nan gero ya ƙone a gefen Takanamat. Yayata tana aure a wani ƙauye can, da 'ya'ya ƙanana. Da na je da tawagarmu, ta ɗaga murfin rumbu ta nuna mini ƙasansa. Mijinta ya riga ya tafi cin rani. Ta ce za ta zauna in dai taimako zai zo, in ba haka ba ta bi mutane zuwa kudu. Na ce ta zauna. Na san ana gab da rabon hatsi a Yamai, kuma da rahotonmu ake yanke inda motoci za su nufa. Na dawo Tawa na buga rahoton da hannuna, na zuba wa ordinata, na sake fita rangadi arewa.

Ashe wuta ta yi tsalle ta ƙona akwatin da ke haɗa mu da layin tarho. A ranar kuma mahaifiyar darakta ta rasu. Ya kulle ɗakinsa, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya tafi Bambeye zaman makoki.

Shirina bai yi ƙarya ba, ya yi ta kuka a bayan ƙofa. Sakatariya ta ji, direba ya ji, mai gadi ya ji har ya daina ji. Dukansu sun je gaisuwa, sun zauna kan tabarma gaban mai mabuɗin, sun yi addu'a sun taso. Babu wanda ya iya buɗe baki da zancen aiki a gidan mutuwa.

Da na dawo na ji ƙarar tun daga bakin ƙofa. Na tambayi sakatariya tun yaushe.

"Tun ran da tsohuwa tar rasu," ta ce. "Mi kake so mu yi? Mu ce mishi ba mu makulli, uwatai ba ta huce cikin kabari ba?"

Na hau babur zuwa Bambeye. Na yi gaisuwa, sannan na durƙusa na roƙi mabuɗin a gaban dattawa. Wani tsoho ya tambaya ko ɗan wane ne wannan mara tarbiyya. Darakta ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Daga ranar bai sake kirana "ɗana" ba, kuma hakan ya yi mini ciwo, don ina ƙaunarsa.

Na koma na buɗe ɗakin, allo ya nuna rahoton bai tafi ba. Na kai shi Yamai da kaina a motar haya. An riga an yi rabo. Wani ma'aikaci ya ce da ba su ji daga gare mu ba, sun ɗauka gefenmu lafiya.

Na sayi buhun gero na ɗora a mota zuwa ƙauyen yayata. Na tarar ta jira har ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, saboda ni na ce ta zauna. Tana tsakar gida, ta dubi buhun, ta ce in ajiye a ɗaki. Na tambayi ina autarta, mai bin ta a baya kullum riƙe da zane. Ta nuna mini makabartar bayan gari da haɓa, ta ci gaba da hura wuta.