Kurciyar da aka yi wa maharbina

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ya kawo mana wasan daga Zariya, shekarar da ya gama karatu ya dawo Makarfi yana jiran aiki. Babu kati, babu dara. Ɗan lido ne guda ɗaya mai fuska ashirin, sai baki. Shi ke ba da labari: shi ne daji, shi ne kogi, shi ne duk wani mugun da za mu gamu da shi. Mu kuma kowa ya ƙirƙiro mutum ɗaya ya zama shi. In mutuminka zai yi abu mai wuya, ka jefa ɗan lido. Babbar lamba ta fito ka dace, ƙarama ta fito ka sha ƙasa. Ranar farko na ce masa wannan ai tatsuniya ce ta ƙarti masu gemu. Asabar ta gaba ni na riga kowa zuwa, tun daga Ikara inda nake koyarwa.

Mu uku ne 'yan wasa. Akwai abokinmu ɗan acaba, mai surutu kamar ya ari baki, wanda ya zaɓi ya zama falke. Akwai tela, wanda a shagonsa muke zama bayan la'asar muna shan rake, mutum mai shiru-shiru, shi kuma maƙeri ne a labarin. Nawa maharbi ne. Ina son maharbin nan, ba zan ɓoye ba. Damina guda na yi ina rainonsa. Na ba shi kare, na ba shi tsohuwa a ƙauye, na rataya masa layu har wuya. Da shi muka kashe kurar da ta addabi makiyaya, da shi muka shiga bukkar wani mugun boka, kuma shi ne, don rawar kai irin tawa, ya sa ƙafa ya fasa tukunyar bokan.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ko zama ban gama yi ba taubashina ya miƙo mini ɗan lido ya ce in jefa. Na tambaye shi na mene ne, ya ce in dai jefa. Na jefa, biyu ta fito. Ya yi wani murmushin mugunta, ya ja hannuna muka zagaya bayan shago.

"Bokan nan ya yi wa maharbinka kurciya," in ji shi. "Daga yau garin nan ya fita daga ransa. Tafiya kawai yake so."

"Ƙarya kake, bawana! Da layun nan duka? Ai zai ji a jikinsa an taɓa shi."

"Kai ne bawa. Ka taɓa jin wanda aka yi wa kurciya ya ce an yi masa? Shi gani yake dabara ce ta faɗo masa. Kai ka sani, shi bai sani ba. In ya haye kogi babu wanda ya tare shi, ya fita daga wasan nan har abada. In kuwa ka ƙyafta wa wani ido, ni da kaina zan haye da shi."

Na yi gardama har jijiyar wuyana ta tashi, amma a raina na san gaskiyarsa. Duk labarin sammun da na taɓa ji, na gefe ne ke lura, mai abin yana can yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Muka koma ciki. Tsoro nake ji, daɗi kuma nake ji, irin wanda ban taɓa ji a wasan ba.

Aka ɗora labari. Gari ya waye a ƙauyenmu na wasa, taubashina ya tambayi kowa abin da mutuminsa zai yi. Da aka zo kaina na gyara murya na ce, "Maharbi ya ɗaure kayansa. Ya ce farauta ta daina ci, zai haye kogi ya nufi kudu neman na kansa."

Na zaci za su zabura. Ina! Ɗan acaba ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Ci-rani? Kai madalla! Ai ka yi tunani. To ga sallahu: in ka isa ka duba mini farashin goro, ka taho mini da tocila mai caji."

"Babu caji a zamanin labarin nan," in ji taubashina.

"To ya taho da fitila. Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa a dawo da alheri."

Wallahi kamar in shaƙe shi. Mutum ana kora shi duniya, shi yana lissafin tsaraba! Amma ina laifinsa? A wajenmu duk gidan da ka leƙa akwai wanda ya tafi ci-rani, wa zai ji an ce tafiya ya kawo wani abu a ransa? Har rakiya falken nasa ya yi wa maharbina zuwa bakin gari, yana ƙara masa sallahu. Taubashina kuwa sai jan labarin yake da gangan: ga hanya ta miƙe, ga kukar bakin rafi, ga mai kwalekwale yana jira. Na kafa idona a kan tabarma don kada ya ci amanata.

Tela duk wannan lokaci yana datse zare da almakashi a bakin wata riga. Sai da taubashina ya ce mai kwalekwale ya miƙo hannu, sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"Maharbi, ka sallami tsohuwa?"

Amsar da maharbin zai bayar ita zan bayar, ba tawa ba. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ba sai na je ba. Ku faɗa mata."

Almakashin ya faɗi ƙasa. Tela ya miƙe tsaye, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa: "An yi masa! Wallahi an yi masa! Ku riƙe shi!" Ya damƙi wuyan rigata ta gaske, kamar ni ne zan shiga kwalekwalen.

Taubashina ya ce daga maƙera zuwa bakin kogi da nisa, sai ya jefa mu gani ko zai cim masa. Tela ya karɓi ɗan lido. Ya jefa, abin ya gangara ya shige ƙarƙashin keken ɗinki. Mu huɗu muka kife a ƙasa muna leƙe, ɗan acaba yana haskawa da waya. Sha tara! Ihun da muka yi sai da mai rake ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Maƙeri ya cafke maharbi ƙafa ɗaya a cikin ruwa, suka ɗaure shi da rawanin falke yana zaginsu, yana rantsuwa babu abin da ke damunsa. Zagin nan na yi shi da dukan zuciyata, ina dariya har da hawaye.

Da hayaniya ta lafa, ana shirin kiran magariba, na dafa tela na ce, "Maigida, yaya aka yi ka gane? Ni fa ko motsi ban yi ba."

Ya sunkuya ya ɗauki almakashinsa, ya goge shi da gefen riga.

"Haka yayana ya fita," ya ce. "Bai shiga wajen Inna ba. Mu kuma muka bi shi har tasha muna ba shi sallahu."