Ranar da Aka Haɗa Agogunan Asibitinmu

A asibitin da na yi aikin jinya a Gusau, kowane gini da lokacinsa. Agogon ɗakin haihuwa yana gaba, na ɗakin tiyata yana baya, na ɗakin maza kuwa sai yadda batir ya ga dama. Kullum wajen canjin aiki sai an yi musu a kan wa ya makara. Daga baya aka kawo masu aikin lantarki suka kafa babban agogo a ofishin shugaban asibiti, suka ja waya zuwa kowane gini, don duk agogunan bango su riƙa karɓar lokaci daga gare shi.

Ranar da za a kunna shi, yayana yana kwance a ɗakin maza. Daga Bungudu aka kawo shi, ƙodarsa ta daina aiki. Inna ce ke jinyarsa, ni kuma ina leƙowa duk sanda na samu sarari.

Da rana Inna ta fita wanke masa kwanuka. Ina riƙe da hannunsa ya cika. Na ɗaga kai in duba lokaci kamar yadda aka koya mana, sai na ga hannayen agogon suna ta zagayawa da gudu, ashe a daidai nan ne aka haɗa layin gininmu. Wayata tana cikin jaka a ɗakin ma'aikata. Ban saki hannunsa ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba kafin hannayen agogon su tsaya.

Inna ta dawo, ta yi salati, ta ja zane ta rufe shi. Ba ta yi kuka ba tukuna.

"Ɗiyata, an kira Azahar kafin ya tafi?"

"Inna, ban sani ba."

So take ta ji ko ya tafi da sallah a kansa.

Wani dattijo mutumin Tsafe da ke kwance a gadon kusa ya ɗan ɗago da ƙyar. "Hajiya, ba a kira ba. Sai da yarinyar nan ta saki hannunsa na ji ladan."

Inna ta ce alhamdulillahi, ta zauna a ƙasa, sannan hawaye suka zo mata.

Bayan La'asar aka yi wa yayana sutura a Bungudu. Da na koma aiki bayan zaman makoki na nemi dattijon in yi masa godiya, aka ce an sallame shi, 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi gida.