Gautar da Jorina Ta Ci a Kasuwa

Yayata Jorina ba ta taɓa nufin zama manomiya ba. Mijinta Mokbul ne ke noman gauta a ƙauyenmu kusa da Rangpur, yana feshin maganin tsutsa sau uku a mako. Wata ranar Laraba aka ɗauko shi daga gona, maganin ya buge shi, kumfa na fita ta bakinsa. Ya rayu, amma hannuwansa ba su daina rawa ba. Gona ta dawo wuyanta.

Da malamin gona ya kawo sabon iri, wanda masana suka gyara yadda tsutsar da ta ci shi za ta mutu, ita ta fara karɓa. Gauta ta fito sumul, ba huda ko ɗaya.

A nan fitina ta tashi. Surukarta ta raba tukunya da ita. "Abin da ya kashe tsutsa, ni zai bari? Ke dai ki kashe jikokina ki huta!"

Ranar kasuwa na raka ta. Hashem dillali ya ɗaga gauta ɗaya sama. "Jama'a, ga mai dafin ta iso!" Mutane suka kewaye mu. Wani ya shure kwandon, gauta ta watse cikin laka. Na ja gefen mayafinta. "Yaya, mu tafi."

Ta fizge. Ta ɗauki ɗaya, ta goge, ta gatsa ɗanya tana kallon Hashem. Ta tauna ta haɗiye, ko da yake ita ma ba ta da tabbas.

"Kawu Hashem, shekara nawa kana sayen wadda aka yi wa wanka da magani? Je ka dubi hannun mijina."

Wata tsohuwa ta sunkuya ta fara tsince mata gautar. Rabin kwando muka sayar.

Yanzu gida tara ke shuka irin. Jorina kuwa hankalinta bai kwanta ba. Malamin ya gaya mata tsutsa na iya sabawa da sabon irin wata rana har ya daina kashe ta, ƙudan zuma kuma na iya haɗa sabon irin da tsohon da surukarta ta gada. Don haka take ɗaure furannin tsohon da ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya tana tsaga gauta biyu da wuƙa, ta leƙa ciki ko akwai tsutsa kafin ta ɗora shinkafa.