Tahiru Mai Hoto da Kokowar Tabla

Tahiru mai hoto bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a shagonsa na bakin kasuwar Filinge, inda yake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakkwal, wato 'yan makaranta, a tsaye za ka same shi, yana leƙa titi, yana goge gilashin kyamarar da ya goge ɗazu.

A Tabla aka haife shi, gidan manoman gero, shi ke bi ma wansa Yakubu. Yakubu kuwa ɗan kokowa ne tun bai yi gemu ba, duk ƙasar Kurfai an san kirarinsa. Tahiru har ya yi aure ba a kiransa da sunansa, sai dai a ce "ƙanen Yakubu". Ya bar gona ya tafi Yamai, ya yi shekaru yana aiki wajen wani mai wankin hoto, ya dawo da tsohuwar kyamara baƙa wadda fatarta ta soma ɓarewa. Da rana ba ta da aibu. Rana na faɗuwa sai ta tsiro da gardama.

Bana, bayan an gama kai damman gero rumbu, Yakubu ya shigo shagon yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya ce zai yi kokowarsa ta ƙarshe a Tabla, da Isufu na Damana, wani saurayin Bazabarme mai wuya kamar na sa. Bayan isha'i za a yi, yadda aka saba, ga wutar kara, ga ƙwan lantarki guda a kan sanda.

"Hoto guda nika so," in ji Yakubu. "Ina tsaye, shina ƙasa. In rataya shi ɗaka, ɗiyana su san ubansu ba labari ba ne."

"An gama, Yaya."

"Ka dai san ba a kunna walƙiyar nan taku cikin hili."

Tahiru ya sani. Tun shekarar da wani ɗan kokowa ya sha kaye ya ce walƙiyar mai hoto ce ta kashe masa ido ta kuma karya masa laya, dattawan Tabla suka hana ta. Wanda ya kunna, da sanda ake raka shi.

Sai ya rufe shago ya koma Tabla gwaji. Kullum magariba ta yi, yana tsakar gidan Yakubu, ya hura kara, ya tsuguna. Ya buɗe idon gilashin har iyakarsa, hoto ya fito baƙi. Ya ɗaga lambar ISO, wadda ke ƙara wa kyamara jin haske, hoto ya fito da dige-dige kamar an watsa masa tsaki. Ya jinkirta ƙiftawarta don haske ya samu shiga, sai rawar hannunsa ta mai da wutar igiyoyi. Ya ari turmin Habsa matar Yakubu, ya kife shi, ya ɗora kyamarar a kai. Rawa ta tafi. Amma gilashin ya shiga kai da kawo, yana shiga yana fita yana kukan sauro, ya rasa abin da zai kama cikin duhu. Tahiru ya kashe masa ikon kansa, ya ajiye takalmi a ƙasa, ya haska shi da fitilar waya, ya murza da hannu har zaren ɗinkin ya fito tar. Wani cikas kuma, duk hoton dare da ta ɗauka sai ta yi shiru tana narkar da shi, ba ta karɓar wani sai ta gama.

"Miji na banza," in ji Habsa, da wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta, "turmina ka aura ko mi? Da mi za ni daka hura?"

"Gitta ta gaban wuta in gani."

Ta gitta. A hoton babu Habsa, sai wani hayaƙi mai kalar zanenta. Takalmin kuwa yana nan kwance, ras.

"La'ilaha! Ka maishe ni aljana." Ta daɗe tana kallo. "To in haka ne, ka bari sai an gama mana. In yayanka ya tsaya kusa ga wuta makaɗa na yi mai kirari, ya ɗaga hannu bai motsi, sai ka ɗauka."

"Wannan ai hoton 'yan biki ne," in ji Tahiru. "Ni kayen nika so."

Gaskiyar Habsa ce, kuma ya san gaskiyarta ce. Duk abin da ke motsi hayaƙi yake zama, wanda ya kwanta shi kaɗai ke fita. Wato hoton da yake shiryawa na mutum ɗaya ne, wanda ƙasa ta karɓa. Ya gaya wa kansa fasaha yake nema. Amma da ya kwanta sai ya yi ta juyi, yana tuna yadda Yakubu yake jan ƙafar hagun nan, kuma bai ji tausayin da ya kamata ya ji ba.

Ran kokowa fili ya cika tun kafin a sallame isha'i. Mutanen Damana sun zo a kan amalanke da babura, ganguna na tashi, mata na guɗa. Tahiru ya kafa turminsa a bakin da'ira. Ya gyara, ya tashi, ya zagaya, ya dawo ya sake gyarawa. Ya sunkuyar da bakin kyamarar, ya daidaita gilashin da rairayin tsakiyar fili.

Aka saki Yakubu da Isufu. Suka daɗe suna zagaye, suna taɓa ƙasa, suna tofa addu'a. Isufu ya faɗa masa, ya kama ƙugu, ya nufi ƙafar hagu kai tsaye, da alama an gaya masa. Gwiwar Yakubu ta lanƙwashe, jikinsa ya karkata, mutanen Tabla suka yi salati. Yatsan Tahiru ya danna tun kafin ya yi shawara, wani sanyi mai daɗi ya ratsa ƙirjinsa.

Yakubu bai kai ƙasa ba. Ya bi nauyin yaron, ya murɗa, ya ɗauke shi a kan kwatangwalo. Tahiru ya danna, ya sake dannawa, kyamara na can tana narkar da hoton farko. Kafin ta farka Isufu yana rigingine, Yakubu na tsalle a kansa. Nan ta yarda ta ɗauka. Daga nan jama'a suka ɓarke cikin fili, aka ture turmin, aka ɗauki Yakubu a kafaɗa aka yi cikin gari da shi.

Da safe Yakubu ya zauna a kan tabarma, Habsa na gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Ya miƙa hannu, Tahiru ya ba shi kyamarar. Ga Isufu nan, fuska tar, har rairayin da ke gemunsa ana gani. A bisansa wasu ƙafafu biyu na hayaƙi, babu ƙirji, babu kai.

"Ina ni?"

"Motsi ka yi, Yaya. Da dare in mutum..."

"Ko da ban motsa ba, ina kaina za ya shiga? Ƙasa ka auna." Ya danna baya da ƙaton yatsansa, hoton farko ya fito, wani dunƙulen duhu yana karkata hagu. Yakubu ya san jikinsa ko a hayaƙi. "Wanga lokacin da ƙahwata ta ci amanata ne. Nan ka yi sauri."

Habsa ta matse tsumma, ba ta ɗaga kai ba. Tahiru ya buɗe baki zai yi bayanin jinkirin kyamara, sai ya ga bayanin ma shaida ne a kansa, ya rufe.

"Sai mu sake," ya ce. "Ka sa layunka, ka tsaya ga rana, yanzu-yanzu in ɗauke ka."

"In tsaya ga rana da wa? Kokowa ta ƙare, Tahiru." Yakubu ya ajiye kyamarar a bakin tabarma, ya tura ta da bayan hannu. "Wanke shi babba ka kai ma Isuhu Damana. Shi ka yi ma aiki."

Ya juya wajen matarsa ya ce ruwan ya huce, ta ƙaro.