Aron Harshe: Shekara Bakwai Bayan Uwar Nafisa

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan watan, da aka sa uwar Nafisa a makara, maza suka ɗauka suka fita da ita ta ƙofar gidanmu na Kurudu. Ni ban iya ƙirga da takarda ba, da damina nake ƙirgawa, kuma damina bakwai ta zuba a kan kabarinta ta ɗauke. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyarmu ce, wata baiwar Allah mai aikin gwamnati, ta zauna da biro tana ɗaukar abin da nake faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito.

Ba za ku ji sunan 'yar tawa, marigayiyar, a bakina ba. 'Yar fari ce, mu kuwa a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya kwanta dama. Uwar Nafisa nake ce mata, haka kuma za ku san ta.

Abin da ya tashe ni magana, miya ce. Duk shekara in watan nan ya kama, Nafisa, babbar 'yarta, takan dafa miyar uwarta a yi tuwo a raba sadaka. Ba ta sauke tukunyar nan sai ta kawo mini na ɗanɗana na ce, "Haka take." Ni ce shaidar miyar, babu wata bayana. To ga shi harshena ya mutu, yau kusan shekara biyu, na kuma ɓoye wa yarinyar. Ina ce mata haka take, alhali ban ji komai ba. Bana na ce ba zan sake ba, ko da abin zai ɓata mata rai.

Bari in koma baya, don a san inda aka faro.

Ranar da aka yaye uwar Nafisa, ƙanwar ubanta ta zo ƙauyenmu ta goye ta, ta tafi da ita Kano. Haka ake yi da 'yar fari. Can ta tashi, can ta yi karatu, har ta sami aikin ofis a Abuja, ta yi aure a nan. In ta zo gida ganinmu, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma kunyar nan ta ci mana shekara talatin da wani abu. Saboda haka ba a hannuna ta koyi girki ba. Miyarta ma ba irin tamu ba ce. Agushi ce ta koya wajen maƙwabciyarta, Maman Chidi, sai ta mai da ita tata: ta rage manja, ta sa daddawa, ta sa busasshen kifi, ta zuba zogale a maimakon ganyensu. Ba tamu ba, ba tasu ba. Maman Chidi takan ce mini da Hausarta, "Mama, wannan yarinya naka, a wajena ya koya, yanzu ya fi ni!"

Ana nan, ana nan, sai mijinta ya aiko a zo da ni. Ciwon daji ne ya kama ta a nono. Na zo da 'yar jakata ina cewa wata ɗaya zan yi. Ga ni har yau.

Aka yi mata aiki, aka fara ƙara mata wani ruwan magani a asibiti, daga sati uku sai sati uku. Gashi ya zube. Wannan bai dame ta ba, ko kuwa ba ta nuna ba. Cewa ta yi mai kitso ta yi asarar kwastoma, ita kuma ta huta da zaman tsifa. Amma da aka yi ƙari na biyu sai bakinta ya juye. Komai ta sa a baki, kamar tana lasar tsohuwar ƙusa. Shinkafa ƙusa, shayi ƙusa, ruwan sha ma ƙusa.

Na ce to, ta kwanta, ni zan riƙe tukunya. Na yi musu tuwo da miyar kuka irin tamu, kwana ɗaya, kwana biyu. Yaran suka ci don ladabi, suna juya loma suna kallon juna. Tana kwance a falo tana ganinsu. A rana ta uku sai na ji ana jan kujera 'yar tsugunno zuwa kicin. Ta zauna tana haki, ta ɗaura ɗankwali a kan da babu gashi, ta ce a miƙo mata albasa. Na tsaya gefe ina kallo ta haɗa miyarta daga zaune. Da ta tafasa sai ta ɗebo a ludayi, ta kai baki, ta tsaya. Sannan ta dube ni.

"Inna, hannuna yana nan, bakin ne ya tafi. Ara mini harshenki."

Ba ta jira ba. Ta kamo hannuna, ta juya tafin sama, ta ɗiga miyar a ciki. Rabon da fatarta ta taɓa tawa haka, tun ranar yaye. Na lasa. Na ce da saura gishiri. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Harshenki na ƙauye ne, Inna, ku komai a ƙara gishiri." Amma ta ƙara.

Shi ke nan, muka zama mutum ɗaya a kicin: ita hannu, ni baki. Shekara biyu muna haka. Ranar da aka yi mata ƙarin ruwa takan kwanta kwana uku ba ta ɗaga kai, rana ta huɗu sai a ji jan kujera. In an sauke abinci takan zauna cikin 'ya'yanta ta sa hannu a kwano ɗaya da su, ta ce, "Kai, yau miyar nan ta yi!" Su yi ta ci suna surutu. In sun watse sai ta lallaɓa banɗaki ta mayar da ɗan abin da ta ci, ni kuma ina tsaye da buta. Ta roƙe ni kada in faɗa musu. Ta ce in suka san ba ta jin daɗinsa, su ma zai daina musu daɗi. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na riƙe.

Kada a ce na mai da ita waliyyiya. Mutum ce. Akwai ranar da ƙaurin albasa ya tayar mata da zuciya, ta yi jifa da ludayi ya bugi bango, ta ce ta gaji, ta gaji, wallahi ta gaji. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Ban san abin da uwa take ce wa 'yar fari a irin wannan wuri ba, ba a koya mana ba. Na tsaya dai. Can ta ɗago ta share fuska da bakin zani ta ce a ɗauko mata ludayin, manja zai ƙone. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ita ta dafa dutsen, romon kuwa wasu ta zuba wa.

A makonta na ƙarshe ba ta iya tashi. Daga kan gado take girki da kunne. "Ban ji an daka daddawa ba." "Wutar nan ta yi yawa, ina jin tafasar daga nan." Wata safiya kuma gidan ya yi shiru, babu mai gyara mana.

Nakan zauna in ce, da za ta leƙo yau, me za ta gani? Gonakin da take zuwa sayen zogale da alayyaho wajen matan Gwari, duk bulo ya cinye su, gida a kan gida. Maman Chidi ta bi ɗanta Gwarinpa, sai dai gaisuwa ta waya. Kayan miya sun yi tashin da in kin shiga kasuwa da jaka sai ki fito da leda. Yaran unguwa yanzu a waya suke kiran abinci, mai babur ya kawo musu a roba. Wannan kam na san da ta riƙe haɓa ta ce, to wa ya ɗanɗana musu? Mijinta ya yi furfura, ya rage magana. Nafisa da ta bari 'yar shekara goma sha uku, yau tana jami'a, ta fi ta tsawo. Da ta yi murna da wannan. Abin da ban sani ba shi ne me za ta ce da ni.

Don Nafisa ba ta samu ta koyi miyar a hannun uwarta ba, tana makaranta lokacin da ake girkin. Bayan rasuwar ne ta shiga kicin, tana yi tana kawo mini. In ce rage wannan, ƙara wancan, kifin ya yi saurin shiga. Ta ɓata agushi ba kaɗan ba, ta yi kuka ba kaɗan ba. Kwanci tashi, wata rana na lasa sai na ji uwarta a tafin hannuna. Na ce haka take. Ranar nan ba ta ci ba, ta zauna ne tana kallon ƙannenta suna ci.

Sai bara waccan wata mura mai zazzaɓi ta kayar da ni. Na tashi, amma hanci da harshe ba su tashi tare da ni ba. Goro ya zama kamar ina tauna kara. Zuma da ruwa duk ɗaya. Likita ya ce shekaru ne da magungunan hawan jinin da nake sha, wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Bai dawo ba.

A nan ne na san abin da uwar Nafisa ta ɗauka. Shekara biyu ina tsaye kusa da ita ina zaton na sani, ashe ban san komai ba. Wanda bai ci abinci babu ɗanɗano ba, safe, rana, yamma, bai san nauyin loma ba. Ni yanzu don magani nake ci, saboda an ce ba a sha da yunwa. Ina ci ina ɓata fuska, ina mita, ina tura kwano. Ita kuwa da ƙusa a bakinta take cewa miya ta yi. Ban san inda ta samo wannan ba. Ba a wajena ba dai.

Na yi ƙoƙarin in yi irin nata, in ɓoye. Amma da na auna sai na ga ba ɗaya ba ne. Ita ciwonta ta ɓoye, ba ta cuci kowa ba. Ni kuwa shaidar zur nake yi. Yarinya tana kawo mini abin da ya rage mata na uwarta tana tambaya ko yana nan, ni ina cewa yana nan, alhali ko ya kauce hanya ban sani ba. In kuma na faɗa, na karɓe mata shaidar da take da ita, babu wata. Wannan ya hana ni sakat wata da watanni. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Juma'ar da ta wuce aka yi sadakar bana. Da hantsi ina zaune a ƙofar kicin, Nafisa ta taho da ludayi.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, miƙo hannu."

Ban miƙa ba. Na ce ta zauna. Na gaya mata duka, tun daga murar, ban rage komai ba. Na ce duk "haka take" da ta ji a bakina cikin shekara biyun nan, ƙarya ce, ta yafe mini. Ina jiran kuka. Sai ta dubi ludayin ta ce:

"Kaka, ai tun bara na sani. Akwai ranar da na manta gishiri gaba ɗaya, kika lasa kika ce haka take."

Na ce, to don me ba ki faɗa ba, ja'ira?

"Mama ma ai ba mu faɗa mata ba. Muna ganin yadda take haɗiye loma da ruwa kamar ƙwayar magani. Sai mu ƙara tuwo, ko mun ƙoshi, don ta ga mun ci."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi wannan karin bai zauna a gidanmu ba. Ashe muna ɓoye musu, suna ɓoye mana, kowa yana tallafe da kowa, ba wanda ya ce uffan.

Ta kamo hannuna duk da haka, ta ɗiga. Ta ce in faɗi abin da na ji kawai, ban da ƙari. Na lasa. Na ce, "Da zafi." Ta ce to, wannan gaskiya ne. Ta koma ta ɗanɗana da kanta, ta tsaya jim, ta sauke tukunyar ba tare da ta tambayi kowa ba.

Yanzu in an ce me ya rage na uwar Nafisa, ba zan yi muku ado ba. Ɗanɗanon miyarta ya tafi. Rabi ya bi ta kabari, rabi ya mutu a bakina ina raye. Abin da ake dafawa a gidan nan yau miyar Nafisa ce, ko ta yi kama ko ba ta yi ba, Allah kaɗai ya sani. Wani lokaci kuma nakan ce, da ma mun zauna ko sau ɗaya ne, mu da yaran, mun yi kuka tare a fili, maimakon kowa ya haɗiye nasa. Ban san wanne ya fi ba, na kuma gaji da aunawa. Abin da na sani shi ne ta bar gidan da ba a kashe wutarsa don ciwo ya shigo, ta bar 'ya'yan da suka iya cin tuwo don wani ya ji sanyi. Wannan bai bi ta ba.

Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya shayar da ita abin da babu ɗaci a cikinsa. Ni kuma da ya rage mini in ci abin da ba na jin daɗinsa har ranar da za a kira ni, Allah ya ba ni ko da rabin fuskar da ta ci nata da ita.